Shekara ɗaya da rasuwar Baba Koci: kowa ya kawo abin da ya gani

Babbar ɗiyarsa:

Assalamu alaikum. Ranar 9 ga Fabrairu Baba ya cika shekara ɗaya da rasuwa. Wasunku Malam suke ce masa, wasu Koci, mu kuwa Baba. A zaman makoki mutane sun yi ta ba mu labarinsa, amma hankalinmu ba ya jikinmu, rabin maganar ta bi iska. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya zauna da shi, a aji ko a fili ko a bakin gadon asibiti, ya rubuto abin da ya gani da idonsa. Jikokinsa ƙanana ne, ina so in tara masu.

Bari in fara da nawa. Mu bakwai ne a gidanmu na Mabera, biyar mata. Baba bai taɓa barin ɗayanmu ya kwanta bai duba littafinsa ba, ko da ya dawo daga fili ƙura har gira. In an ɗauke wuta, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, shi ke riƙe cocila. Da safe sawu biyu yake yi a tsohon babur ɗinsa kafin ya wuce tasa makarantar.

Ciwon ya fara ne da jini a bayan gida. Daga baya muka sani, don fiye da shekara bai gaya wa kowa ba sai Inna, ita ma ce mata ya yi basir ne. Abin da ni na lura da shi bel ɗinsa ne, ya ƙara masa huda har biyu. Na yi magana, ya ce zafin Sakkwato ne da guje-guje da yara. Sai a ƙarshen 2022, da jiri ya kayar da shi a bakin fili, aka auna aka ga jininsa ya yi ƙasa sosai. Aka zura na'ura mai kyamara aka duba hanjin, aka yanko ɗan nama aka kai awo. Dajin babban hanji ne, kuma ya riga ya taɓa hanta. Mutumin da zai hango yaro yana ɗingishi daga can ƙarshen fili, ya hana shi wasa sai an duba ƙafar, shi ne ya ɓoye nasa. Har yau wannan yana ci mini rai.

Tsohon golansa:

Yaya, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Koci.

Shekara shida na tsare masa raga. Dokarsa biyu ce, kuma ba a roƙonsa a kansu. Ta farko, ba ka taka fili sai ka nuna masa littafin lissafi. Ta biyu, ana kiran magariba zai busa usur, ko da an ajiye ƙwallo za a buga fenariti. Akwai ranar da za mu yi wasa a filin Giginya, karon farko da yawancinmu za su taka shi, ya zaunar da ɗan wasan gabanmu a benci saboda ya tsere wa jarrabawar gwaji. Aka ci mu. Muka yi kwana uku muna ƙunci, shi ko a jikinsa. Wannan yaron yanzu shi ke koyar da lissafi a wata sakandare a Bodinga.

Takalmin ƙwallona na farko shi ya sayo mini a gwanjo. Ya yi mini yawa, ya cusa takarda a gaba ya ce ƙafa za ta biyo. Da Shehu Abdullahi ya ɗauko tagulla da tawagar Najeriya a wasannin Rio na 2016, kullum sai ya yi mana misali da shi, cewa ɗan garin nan ne, ranar da ke dukanmu ita ta dake shi.

Ganina da shi na ƙarshe daren Laraba ne, 7 ga Fabrairun 2024, wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka, Najeriya da Afirka ta Kudu. Na kai masa waya na jingina a filo. Ba ya iya zama, muryarsa sai ka kanga kunne. Da aka zo bugun fenariti, golan Najeriya Nwabali ya tare biyu muka ci 4 da 2, sai ya damƙi hannuna ya ce, "Ka ga? Bai yi saurin faɗuwa ba." Abin da ya shekara shida yana faɗa mini ke nan. Da asubar Juma'a aka kira ni. Wasan ƙarshe da aka yi ranar Lahadi ban kalla ba.

Abokin aikinsa:

Ɗiyata, Allah shi yi muku albarka. Tare munka yi kwalejin horon malamai ta nan Sakkwato da mahaifinku, tare munka yi shekara ashirin da wani abu ɗakin malamai guda. Akwai abin da nika ɗauke da shi, gara in sauke shi nan.

Ni yaf fara gaya ma zancen jinin ga, tun kahin Innarku. Ni kuma nic ce mai basir na, nik kawo mai jiƙo da saiwa. Da anka gano ciwon, likita yac ce a yi aiki, ni ne dai nis sake zama kusa da shi ina hwaɗin abin da munka tashi muna ji, wai daji ba ya son ƙarhe, in anka taɓa shi da wuƙa ko allura sai shi bazu. Wata biyu yay yi shina jinkiri, kuma na san maganata na ciki. Niyyata alheri ta, amma ban da sani. Ranar da nir roƙe shi gahwara, dariya yay yi, yac ce in bar zancen, kwana ba ya wuce ranatai. Shi ya yahe. Ku ma ina roƙon ku.

Wata tsohuwar ɗalibarsa:

Ni ba 'yar ƙwallo ba ce. Ina aji uku aka yanke shawarar cire ni daga makaranta. Malam ya zo ƙofar gidanmu a Runjin Sambo sau uku, yana zama da mahaifina bayan isha'i, bai taɓa ɗaga murya ba. A zuwa na uku ya taho da takardar jarrabawata. Aka bar ni na gama. Allah ya sa wannan ya tarar da shi a mizani.

Ɗalibinsa, ma'aikacin jinya:

Baba abokin Malam, kada ka ɗora wa kanka duka. Abin da ka faɗa masa rabin garin nan za su faɗa, kuma kusan kullum muna ganin irinsa a wurin aiki. Amma tun da an buɗe zancen, a bar ni in yi bayani, don Malam da kansa ya ce in riƙa faɗa.

Basir gaskiya ne, yana kuma kawo jini. Matsalar ita ce dajin hanji ma da haka yake farawa, kuma ido ba ya rabe su. In jini ya ƙi tsayawa, ko bahaya ya canza na makonni, yau gudawa gobe taurin ciki, ko mutum yana ramewa ba dalili, ko gajiya da jiri na ƙarancin jini, to a je a duba. Zancen daji ba ya son ƙarfe kuwa, ga inda ya samo asali: mutane ba sa zuwa sai ciwon ya bazu, a yi aiki, mutum ya rasu, sai a ce wuƙa ce. Alhali wanda aka kama nasa tun yana cikin bangon hanji, yankewar ita ce maganin, da yawa suna warkewa. A nan Sakkwato, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da sashen masu ciwon daji, har da na gasa ciwon da na'ura, ba sai an fara da tafiya nesa ba.

Yaya, ke da ƙannenki wannan ya shafe ku kai tsaye. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi wannan ciwon, shawarar likitoci ita ce ya fara duba hanji yana da shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano na mahaifin, duk wanda ya riga zuwa.

Wani daga Gidan Igwai:

Ban san Koci ba, amma mahaifiyata ma wannan ciwon ne. Mu ma maganin basir muka shekara muna saye. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Autansa:

Ni na yi jinyar dare, don haka nawa daban ne da naku.

Bayan aikin, an fito masa da hanji ta gefen ciki aka manna leda. Ranar farko da zan canza masa, ya juya fuska bango. Na ce Baba, sau nawa ka wanke ni? Bai amsa ba, amma daga ranar bai ƙara juyawa ba. Abin da ya fi damunsa ba zafin ba ne, salla ce. Yana ganin alwalarsa ba ta tsayawa. Limamin unguwarmu ya zo ya zauna da shi, ya yi masa bayanin hukuncin mai salisi, ya kuma karanta masa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari, sahabin da basir ya dame shi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Daren nan Baba ya yi barci har asuba.

Allurar kemo, wato maganin kashe dajin, ta faɗo daidai azumin 2023, ga zafin Afrilu, ga wahalar takardun kuɗi da aka sha a farkon shekarar, wadda ta sa na yi ta bin layi kafin in haɗa kuɗin magani. Likita ya hana shi azumi. Ɗaya daga cikin magungunan kuma yana sa mutum ya kasa taɓa sanyi, ruwan randa ma in ya kurɓa sai ya ji maƙogwaro ya shaƙe, yatsu suna tsira. A garin da kowa ke neman ƙanƙara da magariba, ni ɗumama masa ruwa nake yi. Duk da haka in ya ɗan ji ƙarfi sai ya ce in ɗauke shi a babur zuwa fili. Ya zauna a kujerar roba ƙarƙashin dogon yaro, usur a wuya, ba ya iya busawa, sai ya miƙa wa yaron da ke kusa ya ce busa.

Tsofaffin yaransa su suka ba da jini, leda bayan leda, wasu ban ma san sunansu ba. Su kuma suka ɗauki makara.

Babbar ɗiyarsa:

Na karanta wa Inna duka, ta yi kuka, ta ce a yi wa kowa godiya. Baba abokin mahaifinmu, ta ce a gaya maka babu komai tsakaninmu da kai sai alheri, kuma ka daina wuce ƙofar gida ba ka shigo ba. Mun yafe.

Maganar awo na ji. Na cika 40 bara, na karɓi kati, ranar Talata za a gan ni. Ƙanena mai bi mini yana ta noƙewa, Auta ka taya ni da shi.

Gola, usur ɗin yana rataye a ɗakin Baba inda ya bar shi. Inna ta ce tun da kai ke fita da yaran yanzu, ka zo ka karɓa ranar Asabar kafin la'asar.