Me ya sa dogayen fina-finan soyayya na lokacin yaƙi suke yin sanyi bayan awa ɗaya?

Ummu_Kallo:
Assalamu alaikum. Tambayata a kan dogayen fina-finan Turawan nan ne: uba dattijo da 'ya'yansa maza a gidan gona, mace ɗaya ta shigo gidan, sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a kwashe samarin. Awar farko ko ƙifta ido ba ka son yi. Daga nan sai abu ya yi ta ja, mutuwa kan mutuwa, kiɗa na ta tashi amma zuciya ko gezau. Laifin marubuci ne ko na edita?

Alƙalami_da_Takarda:
Wa alaikumus salam, Malama. Kaso mafi tsoka na marubuci ne, kuma lissafi ne zalla. A ƙa'ida shafi ɗaya na rubutun fim minti ɗaya ne a allo. A ce fim ɗin minti 135 ne. Zuwan yarinyar, kishin 'yan'uwa da fagen daga sukan ci kamar shafi 60, duk cikin shekara ɗaya ko biyu. Sauran shafi 75 kuma sai a ɗora musu shekara 20 ko 30. Ina za su iya?

A rabin farko kowace fitowa ita ke haifar da ta gaba: ƙaramin ya shiga soja don ya nuna shi ma namiji ne, yayyensa suka bi shi don su tsare shi, ya mutu, wanda ya tsira ya dawo da nauyin laifi. A rabi na biyu igiyar ta tsinke. Marubuci ba shi da abin haɗa 1919 da 1928, sai ya jawo wasiƙa a karanta da murya, ko ya kashe wani. Mutuwar farko takan girgiza mai kallo domin an yi minti 40 ana sabawa da mamacin. Ta huɗu kuwa ko sunan mamacin ba a gama riƙewa ba.

Babban aibin shi ne jarumar. Ku lura, da wuya a ba ta wani buri nata. Daga hannun ƙane sai na wa, kamar kayan gado. In an tambayi me take so ban da ɗaya daga cikinsu, shiru.

Mai_Tace_Hoto:
Malam Alƙalami, na yarda da lissafinka, amma kada ka wanke ɗakin tacewa tas. Haɗin farko na irin wannan fim yakan haura awa uku, furodusa kuma yana son abin da sinima za ta haska sau da yawa a rana. Me ake fara yankewa? Fitowar da ba hayaniya: cin abinci, hirar miji da mata, shirun bayan jana'iza. Su ne kuwa turakun labarin. Sai a bar aure, gobara, harbi, kuka, a jere ba wurin numfashi.

Abin yabon su ma a faɗa. Ana ɗaukar su da faffaɗan allo, mai faɗi ninki 2.39 na tsayinsa, wanda ke ba da damar sa mutum uku a hoto ɗaya da tazara tsakaninsu. Inda kowa ya tsaya kaɗai ya isa ya gaya maka wa ke son wa. Hasken nan ja-ja na fitowar rana da faɗuwarta bai cika kai awa ɗaya ba, don haka fitowar minti uku tana iya cin yammaci huɗu ko biyar. Aiki ne na gaske. Matsalar sai an yi wa ramin yaƙi irin wannan kwalliya, laka da gawa su fito kamar hoton kalanda.

Kiɗa kuma, akan ba iyalin amo guda da zai riƙa dawowa. Dawowa uku ko huɗu, kowanne da ɗan canji, ya wadatar. In ya riga jarumi fara kuka a kowace fitowa, kunne ya gaji ke nan.

Tsohon_Kundi:
Bari in ƙara ta fuskar tarihi, don nan ma suna tuntuɓe. Amurka ba ta shiga yaƙin ba sai Afrilun 1917, saboda haka Ba'amurken da aka nuna a fagen daga kafin nan sai dai in ta rundunar wata ƙasa ya bi, kamar Kanada. Hular kwano babu ita a 1914: Faransa ta fara rabawa a 1915, ta Ingila da ta Jamus sai a 1916 suka yaɗu. Iskar guba ta kulorin a Afrilun 1915 Jamusawa suka sake ta a Ypres ta ƙasar Beljiyam, kuma kariyar farko ƙyalle ne jiƙaƙƙe a hanci, ba takunkumin nan mai mesa ba.

Fitowar da ake so ƙwarai, ta yaro ya kawo tangaraho, wato saƙon gaggawa, na rasuwar soja uwa ta faɗi, ba kowa ake yi wa haka ba: a rundunar Ingila iyalan hafsoshi ake aika wa tangaraho, na ƙananan sojoji takardar fom ce ta gidan waya. Sannan soja ba ya wata da watanni a ramin gaba, 'yan kwanaki yake yi a canje shi. Murar 1918, da ta kashe mutane fiye da yaƙin kansa, da ƙyar ake ambatonta.

Ummu_Kallo:
Na gode, malamai. To jarumin da ya dawo ya bar gida ya yi ta yawon duniya fa?

Tsohon_Kundi:
Wannan ado ne, Malama. Firgitar igwa, wato ruɗewar da soja kan dawo da ita daga yaƙi, a zahiri karkarwar jiki ce, da in'ina, da ɗaukewar magana, da rashin barci. Darakta ba ya son kyakkyawan jaruminsa da makyarkyata, sai ya tsawaita masa gashi ya ɗora shi a kan doki.