Neman kalma: yaya za a ce "molecular engineering" a rediyo?

Hajara Mai Shiri: Assalamu alaikum malamaina. Gobe ƙarfe goma na safe zan ɗauki shiri a kan kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai ta 2025, wadda aka ba Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi. Baƙona ya turo bayaninsa da Turanci, ko'ina ka duba sai molecular engineering. Masu saurarena galibi mutanen karkara ne, ba zan jefa musu ita haka ba. A agaza kafin dare.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Injiniyancin ƙwayoyin halitta. An wuce wurin.

Ummi Kemistiri: Ba a wuce ba, Injiniya. Ƙwayar halitta kayan da aka ɗora mata sun ishe ta: da ita ake kiran tantanin jiki, da ita ake kiran abin da ɗa ke gada daga iyaye. Mai sauraro zai zaci maganar sauya irin masara ko wake ake yi. Ruwan da ke cikin randa molikul ne, zarra biyu na haidurojin da ɗaya ta oksijin, kuma ba shi da rai.

Malam Tanko: A raba aikin biyu. Atom dai mun daɗe da ƙwayar zarra. Zarra biyu ko fiye idan suka haɗu, sai mu ce gungun zarra, ko curin zarra. Rabi na biyu kuma: sarrafa, harhaɗa, ko ƙira.

Ummi Kemistiri: Allah ya gafarta Malam, gungu taro ne kawai, kowa na iya tashi ya tafi. A molikul ɗaure suke, kowace da gurbinta, in ka sauya wa ɗaya wuri abin ya zama wani abu dabam. Ƙullin zarra ya fi kusa.

Harhaɗa kuma ta masu haɗa magani ce. Abin da ya bambanta wannan fanni shi ne daga buƙata ake farawa. Maƙeri ya san fartanya yake so kafin ya sa ƙarfe a wuta. To haka nan: ana son abu mai tsotse ruwa daga iska, ko mai barin ruwa ya wuce ya tare gishiri, sai a zauna a tsara wace zarra za ta zauna ina, sannan a gina. Mutanen naki uku, Hajara, ƙwayoyin ƙarfe suka ɗaure da dogayen molikul masu kabon, aka samu gini mai ramuka birjik a ciki. Ɗaliban Yaghi sun gwada irinsa a hamadar Arizona: da dare ya sha raɓar da ke cikin iska, rana na dukansa ya saki ruwa. Ni ƙira nake goyon baya.

Baba Mai Nahawu: Madalla da 'yata ta kawo mu ƙira. To kalma ɗaya tak: ƙera-ƙwaya. A kan tsarin dafa-duka, rufa-ido, ƙare-dangi. Hausa tsantsa, gajeriya, ba aro. Na daɗe da ita a littafin ajiyata.

Sani Dogo: Baba, in Hajara ta ce ta kawo masanin ƙera-ƙwaya, kafin a gama shirin 'yan NDLEA sun iso ƙofar tashar.

Baba Mai Nahawu: Kai dai ba ka rabo da shashanci. Ƙwaya tun kafin a haifi kakanka tana nufin ƙwayar hatsi da ƙwayar ido. Don wasu 'yan iska sun lalata ta sai mu bar musu? To na ji, ƙera-zarra.

Ummi Kemistiri: Baba, a yi haƙuri, wannan ta fi waccan haɗari. Ba wanda yake ƙera zarra a wannan fanni, yadda Allah ya yi ta ake ɗaukarta a jera. Masu taɓa cikin zarra su ne 'yan nukiliya. Mai sauraro zai tafi Hiroshima.

Injiniya Bala: Shi ya sa na ce a bar wahalar da kai. Molikul. Injiniyancin molikul. Waswahili uhandisi wa molekuli suke cewa, ba su mutu ba, kuma harshensu ya riga namu shiga Tarayyar Afirka.

Baba Mai Nahawu: Ga irinta nan. Kullum Waswahili, Waswahili. Mu mabarata ne? Duk abin da Bature ya furta sai mu lanƙwasa masa baki mu ce Hausa ce. Da haka magabata suka yi da ba mu da jirgin sama, ba mu da wayar tarho, ba mu da tauraron ɗan Adam. Molikul ba ta da uwa ba ta da uba a harshen nan. Yaro ya tambaye ka ma'anarta, me za ka warware masa?

Malam Tanko: Ranka ya daɗe, tarho ɗin nan daga ina ta zo? Zarra kuma Larabci ce, tana cikin Izazul, kowane ɗan makarantar allo ya karanta ta. Kimiyya ma haka. Uhandisi ɗin da Injiniya ya kawo, daga handasa ta Larabawa take.

Baba Mai Nahawu: Larabci ba baƙo ba ne, ya yi ɗaruruwan shekaru a gidan nan.

Sani Dogo: Wato aro halal ne in ya tsufa.

Ɗan Tawa: Ku dakata mutanen Najeriya. Duk wanga gardama kamar ku kaɗai ke da harshen. Mu nan da Faransanci munka yi lakkwal, kuma kalmar kusan ɗaya ce, in Hajara ta ce molikul ɗan Tawa da ɗan Damagaram da sunka yi boko za su gane. Injiniyanci ce ba mu cika ji ba. Kuma ku tuna tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, ku har yanzu da Turanci kuke rubuta takardar haya.

Injiniya Bala: Harshen ƙasa a takarda. A jami'ar Yamai da wane harshe ake koyar da kimiyyar sinadarai?

Ɗan Tawa: Da wanda ake koyar da ita a Zariya, na Bature. Bambancin kawai wane Baturen.

Hajara Mai Shiri: Don girman Allah. An yi la'asar, ban rubuta ko layi ɗaya ba. Anti Ummi, in na ce fasahar nano kawai fa? Na ji ana faɗinta.

Ummi Kemistiri: 'Yan uwa ne amma ba ɗaya ba. Nano awo ne, mita ɗaya a kasa ta biliyan, duk aikin da aka yi a wannan ƙanƙanta ya shiga ciki. Naki ya fi takamaimai. Sunan ma ya girmi nano: Arthur von Hippel na jami'ar MIT ta Amurka ya yi amfani da shi a 1956, kafin laccar masanin kimiyya Richard Feynman ta 1959 da kowa ke ambato a maganar nano. A 1989 ne masu bincike na IBM suka jera zarra 35 na iskar zenon ɗaya bayan ɗaya suka rubuta sunan kamfaninsu. A 2016 Sauvage da Stoddart da Feringa suka ci Nobel kan injuna masu girman molikul, har da mai juyawa idan haske ya taɓa shi.

Amma ki bar duk wannan, ki ba su abin da suka sani. Tu Youyou ta ciro artemisinin a China a 1972 daga wani ganye dangin tazargade. Yana kashe ƙwayar zazzabin cizon sauro, sai dai ba ya narkewa sosai a ruwa. Aka taɓa gefe ɗaya na molikul ɗin, aka maƙala masa wani ɓangare, ya zama artesunate, allurar da ake yi wa yaro in zazzabi ya yi tsanani. Aka taɓa shi ta wata hanya ya zama artemether, wanda ke cikin Coartem. Duk uwar da ta kwana a asibiti da damina za ta tsaya ta saurara.

Hajara Mai Shiri: Wannan ya shiga shiri. To ƙirar molikul?

Malam Tanko: Da saura. Ƙira tana da fuska biyu. In ka ce mota ƙirar Japan, ko mutum mai ƙirar ƙarfi, siffa ko asali kake nufi. Ƙirar molikul za a iya jinta a matsayin yadda molikul yake, ba aikin yin sa ba. A sa aikatau a fili: fasahar ƙera molikul. A karon farko ki ƙara "wato ƙullin zarra", daga nan ki ci gaba da molikul.

Injiniya Bala: To ina injiniya ya tafi? A Jami'ar Chicago makaranta guda aka yi wa fannin a 2019, digirin injiniya suke bayarwa. Mu kuma mun mai da su maƙera.

Sani Dogo: Ashe ciwon ke nan.

Ummi Kemistiri: Na amince da ta Malam, ko da yake wani ɓangare na aikin tsarawa ne a kwamfuta kafin a kai ga ƙerawa, kuma kalmar ba ta nuna hakan ba. Baƙon ya cike giɓin da bakinsa.

Baba Mai Nahawu: In kun sa fasahar ƙera ƙullin zarra gaba ɗaya, ba molikul, zan yi shiru.

Hajara Mai Shiri: Baba, sau goma sha ɗaya kalmar ta fito a bayanin baƙon, numfashina ba zai kai ba. Na ɗauki ta Malam Tanko. Ƙullin zarra zai fito a farko, zan kuma maimaita shi bayan talla. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Nahawu: Ki ɗauka, shirinki ne. Ni dai bakina ba zai furta molikul ba. Kuma ƙera-zarra tana nan a littafina, ban goge ba.

Ɗan Tawa: A turo muna mitar tashar, ko ana kama ta nan.