Shawarwari ga masu shiga gasar hotunan unguwa

A tattaunawar da masu ɗaukar hoto suka yi kan gasar nuna rayuwar unguwa, batun haske ne ya fi ɗaukar lokaci. Galibinsu sun ba da shawarar a fita da sassafe ko gab da faɗuwar rana, domin hasken tsakar rana yakan jefa inuwa mai duhu a ƙarƙashin idanun mutum, ya kuma kashe launin bango. Sun ƙara da cewa tsoho yana gyaran keke, hannunsa duk baƙin mai, ya fi jan hankalin alƙalai a kan titin da babu kowa.

An yi saɓani kan gyaran hoto. Wasu sun amince da ƙara haske da yanke gefe, amma cire mutum ko sauya sararin sama, a ganina, ya zama ƙirƙira.

Neman izini kuwa wajibi ne, musamman daga iyaye idan yara ne a hoton. A kuma tura ainihin fayil ɗin, tun da WhatsApp yana rage ingancin hoto, sannan a karanta sharuɗɗan gasar don sanin wanda zai mallaki hoton bayan an kammala.