Ɗan haya ya kawo kare gidana, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da gidan haya a Unguwar Dosa, sassa huɗu ne, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Wani ɗan hayata da ke biyan shekara ya kawo kare, wai saboda ɓarayin da suka addabi layin. Gaskiya mutumin kirki ne, kuɗinsa bai taɓa yin latti ba, kuma ya nuna min katin allurar rigakafin haukan kare daga likitan dabbobi.

Matsalar ita ce sauran masu haya. Matan gidan sun ce karen yana lasar bokitin da suke tara ruwan alwala, yara ba sa iya fitowa wasa da yamma, ga haushi har asuba. Wani dattijo a cikinsu ya ce min: "Alhaji, ko kare ko mu." Takardar yarjejeniyarmu kuwa ba ta ambaci dabbobi ba ko kaɗan. Abin da ya ƙara ɗaure min kai, akwai mai kiwon tantabaru da kaji a gidan tun da daɗewa, ban taɓa hana shi ba, shi kuma mai karen da wannan yake kafa hujja.

Zan iya ƙara sharaɗin hana kare alhali shekararsa ba ta ƙare ba, ko sai lokacin sabunta haya? Idan na ce ya killace shi a keji a bayan sashensa, ya ciji wani, wa zai ɗauki alhaki, ni ko shi? Ba na so ta kai mu ga notis na wata shida. Masu gidajen haya da lauyoyi, don Allah ku ba ni shawara.