Sunana na katakana ya hana albashi shiga banki a Japan

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Japan. Sau biyu ke nan ana tura albashi yana komawa, wai sunan mai asusu bai dace ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Katin zama, wato zairyu kado, da haruffan boko yake ɗauke da suna kamar yadda yake a fasfo, amma tsarin tura kuɗi tsakanin bankuna, furikomi, katakana yake dubawa, wato haruffan Japanci da ake rubuta sunayen baƙi da su. Sunana Muhammad kuwa ba shi da rubutu ɗaya a katakana: a littafin banki Muhanmado ne, wurin aiki suka shigar da Mohamedo. An gyara wannan, kuɗin ya sake dawowa.

Yanzu tsawon sunan nake zargi. Gurbin sunan mai karɓa 30 ne kacal a fayil ɗin albashi, kuma ɗigon dakuten, mai mayar da fu ya zama bu, gurbi guda yake ci shi kaɗai. Abdulƙadir, ɗaya daga cikin sunayena, haruffa 9 ne a katakana, amma gurbi 12 yake cinyewa, ƙananan haruffan ma sai an mayar da su manya. Suna uku da tazara a tsakani, an haura 30.

To a ina ake yanke sunan, bankin ne ke yankewa ko mai turawa? Kuma in na sa ofishin gunduma ya shigar da rubutun katakana a juminhyo, wato takardar rajistar mazauna, banki zai karɓe shi hujja ya gyara? Japancina bai wuce N4 ba, matakin farko-farko a jarrabawar Japanci, keigon ma'aikatan banki, wato salon maganar girmamawa, na wuce ni, don Allah a haɗa mini da jimlar da zan faɗa a kantar bankin.