Takarda ce ta ceci kiɗan Kurmangazi ko hannun almajiransa?

Ɗan Almati: Assalamu alaikum. Shekarata uku ina karatu a Kazakistan, kuma duk inda na juya a garin nan sunan Kurmangazi, shahararren makaɗin dombra na ƙasar, nake gani: titi, makarantar koyon kiɗa, ƙungiyar makaɗa ta ƙasa. Ga maganata: ba don an rubuta kaɗe-kaɗensa a takarda ba, Ahmet Jubanov kuma ya kafa ƙungiyar makaɗan gargajiya a 1934, da yau babu mai jin kaɗe-kaɗensa irin su Adai ko Sariarka.

Mai Gurmi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ban yarda ba. Kurmangazi ya rayu ya mutu a ƙarni na 19 bai rubuta ko ɗigo ba. Dombra tsirkiya biyu gare ta kamar gurmina, kuma irin wannan kiɗa a hannu ake karɓarsa. Ka zauna gaban mai shi, ka ga yadda wuyan hannunsa yake kaɗa tsirkiyoyin biyu a tare, ya ba ka labarin abin da ya sa aka yi kiɗan kafin ya fara. Kiɗansa mai suna Kishkentai ba sauti ba ne kawai, juyayin tawayen da Isatai ya jagoranta ne daga 1836 zuwa 1838. Ina takarda za ta ɗauki wannan?

Maman Biyu: Malam, gaskiyarka, amma ka tuna da yunwa. Daga 1930 zuwa 1933 mutum fiye da miliyan ɗaya suka mutu a ƙasar, aka tilasta wa makiyaya zama wuri guda. Idan rugar da almajiri yake koyo ta watse, wa zai miƙa wa wa? Aleksandr Zatayevich, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya wallafa waƙoƙin mutanen ƙasar dubu a littafi a 1925, ya ƙara ɗari biyar a 1931. Ni dai ina ganin Allah ne ya kawo shi a kan gaɓa.

Mai Gurmi: Hajiya, ban raina aikinsa ba. Abin da yake ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Don ƙungiya ta yi sauti irin na Turai, aka sassaƙa dombra manya da ƙanana, aka gyara matakan wuyanta. Kobiz, mai kama da goge, da tsirkiyarta gashin doki ce aka yi mata wata mai tsirkiyar ƙarfe. Kiɗan mutum ɗaya da yake ja ya saki yadda zuciyarsa ta so, sai ga mutum da yawa suna bin sandar mutum guda.

Ɗan Almati: Yaya, ai wannan hanyar ce ta haifi sauran. Brusilovski ya yi opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, mai suna Kiz Jibek a 1934, Kulyash Baiseitova ta rera ta a Mosko a 1936. Sai Mukan Tulebayev ya yi Birjan da Sara a 1946, Gaziza, 'yar Jubanov, ta zama babbar mai tsara kiɗa.

Mai Gurmi: Brusilovski ɗan Rostov ne ta ƙasar Rasha, kuma da waƙoƙin makiyayan ya gina operar tasa. Ka ga ko shi a rijiyarsu ya sha.

Maman Biyu: Ku duka kun tsallake mace ɗaya, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. Dina Nurpeisova. An haife ta a 1861, tana yarinya Kurmangazi ya ji kiɗanta ya riƙe ta almajira. A 1937 Jubanov ya sa aka ɗauko ta zuwa Almati, tsohuwa ta haura saba'in, ta zauna da dombra tana kaɗa musu abin da ta karɓa daga malaminta, su kuma suna rubutawa.

Ɗan Almati: To, Hajiya, ai kin ba ni gaskiya ke nan. Jubanov ne ya nemo ta.

Mai Gurmi: Ya nemo ta ne don abin yana hannunta, ba ya cikin takardunsa. Ƙanena, tunda kana can, ranar Lahadin farko ta Yuli ita ce ranar dombra. Ka bar babban zaure, ka nemi tsoho mai kaɗawa shi kaɗai, ka roƙe shi Adai, ka kalli hannunsa na dama. Sai ka dawo mu ci gaba.

Ɗan Almati: Zan je, in sha Allahu. Amma zan tambaye shi a ina ya koya.