Dagwalon masana'anta ya shiga lambu ko rijiya: wa ake kamawa, da wace hujja?

Baban Khalifa
Assalamu alaikum. Rani ya kama, ruwan rafi ya ja baya, dagwalon kamfanonin jima na Kano ya yi kauri. Na Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa Challawa, na Bompai ya bi Getsi ya haɗu da Jakara har madatsar Wasai. Duk shekara masu lambu kan kai kuka wurin dagaci, a rubuta takarda, jami'ai su zo su leƙa, magana ta bi ruwa. A cikinmu akwai lauyoyi da masu awon ruwa da waɗanda suka san cikin masana'anta. Don Allah kowa ya kawo abin da ya sani: mutumin da dagwalo ya ƙone wa shuka, me zai yi tun ranar farko?

Mai Awon Ruwa
Wa alaikumus salam. Galibin ƙararrakin nan tun wajen ɗibar ruwa suke lalacewa. Mutum ya cika jarkar da aka taɓa zuba fetur, ta kwana biyar a zaure, sannan ya kai gwaji. Lauyan kamfani ba zai sha wuyar watsar da wannan ba.

A wuri uku ake ɗiba, rana ɗaya: sama da bakin bututun kamfanin, bakin bututun kansa, sai ƙasa inda injin ban-ruwa ke ja. Na saman shi ke nuna cewa ruwan lafiyarsa ƙalau kafin ya iso wurin. A karɓo robobin lita ɗaya daga ɗakin gwajin da zai yi aikin, don kowane gwaji da irin ajiyarsa. Na jimillar ƙarafa ana ɗiga masa asid naitirik har pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 2, sai ya kai wata shida bai canza ba. Na ƙarfen kuromiyam mai lamba shida, wato nau'in da ke haddasa ciwon daji, ba a sa masa asid, a ƙanƙara ake sa shi a kai cikin awa 24. Salfaid kuwa, sinadarin da ake cire gashin fata da shi, gudu yake yi, sai an cika roba har baki an sa maganin da ke kama shi. A rubuta wuri da rana da lokaci a jiki, mai ɗiba da shaidu biyu su sa hannu, duk wanda ya karɓa daga hannun wani shi ma ya sa. Ƙasar lambu a haƙo daga wuri biyar, zurfin kamar taƙi ɗaya, a gauraya, a haɗa da ta wata gona da ruwan bai taɓa ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a ruwan sha shi ne miligiram 0.05 na kuromiyam a lita, dalma 0.01.

A kula da lokaci. Mai son ɓoye ɓarna da daddare yake saki, ko ana tsaka da ruwan sama.

Injiniya
Allah ya ƙara sani, Malam. Ga abin da ke cikin katanga. Majeman gargajiya da bagaruwa suke aiki, na zamani da gishirin kuromiyam, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka zuba fata ba ta sha, ruwa yake bi. Tan ɗaya na ɗanyar fata kan ci ruwa lita dubu 30 ko fiye.

Ruwan iri biyu ne, kuma bai kamata su haɗu ba. Na cire gashi yana ɗauke da laim da salfaid, pH ɗinsa wajen 12. Na jima yana da tsami, wajen 4. Da sun gauraya sai iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta tashi, ita ce ke kashe leburan da aka tura yashe rami. Yadda ake yi, a raba kwata biyu. Na salfaid a busa masa iska na wasu awoyi da ɗan gishirin manganis. Na kuromiyam a ɗaga pH ɗinsa zuwa 8 ko 9, ƙarfen ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a narkar da laka da asid a mayar da ita aiki.

Jami'in da ya shiga duba kada ya tsaya kallon tankuna, kowa na iya gina tanki. Ya nemi rasiɗin maganin da aka saya, da lissafin man da injin busa iska ya sha, ya bi kwata da ƙafarsa ko akwai ɓarauniyar hanya da ta kewaye tankunan. Sannan ya tambayi inda laka take zuwa. Ana ba manoma ita da sunan taki, ragowar ashin fata kuma a cinna mata wuta a juji, alhali ƙonawar ce ke mayar da kuromiyam mai lamba uku zuwa mai lamba shida.

Barista
Baban Khalifa, ƙofa biyu ce, mutanenmu kuma ɗaya suka sani. Ta farko ta hukunci: ma'aikatar muhalli ta jiha ko hukumarta, irin KEPA a Kaduna, da kuma NESREA ta tarayya da aka kafa a 2007. Suna iya rufe wuri, su kai kotu a ci tara. Sashe na 27 na dokar NESREA, yadda aka rubuta shi a 2007, ya yanka tarar da ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba, da dubu 50 a kowace rana in kamfani ya ci gaba. Kuɗin nan aljihun gwamnati suke shiga, mai lambu ko sisi ba ya gani. Duk da haka a kai kuka a rubuce ga jiha da tarayya duka, a riƙe kwafi mai hatimi, don rahoton jami'in da ya zo hujja ce.

Ƙofa ta biyu ita ce ta diyya, kuma sai mutum ya shigar da ƙara da kansa a Babbar Kotun Jiha. Ana dogara da sakaci, ko cutar da maƙwabci, ko ƙa'idar Rylands da Fletcher ta Ingila ta 1868: wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa ya kuɓuce ya yi ɓarna, shi zai biya ko da bai yi sakaci ba. Kotun Ƙoli ta yi aiki da ita a shari'ar Umudje da Shell-BP a 1975. Akwai kuma dokar shara mai guba ta 1988, wadda aka yi bayan an jibge dubban tan na guba daga Italiya a garin Koko. Ta tanadi ɗaurin rai da rai, ta haɗa da daraktan da aka yi da saninsa, kuma sashe na 12 ya ɗora biyan ɓarna a kan wanda ya zubar.

Hoto da bidiyon waya sai da takardar shaida ta sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, in ba haka ba a ƙi karɓa. Inda kamfanoni goma ke zuba a kwata ɗaya, kowa zai ce ba nasa ba ne, shi ya sa ɗibar bakin bututu take da nauyi, kuma a haɗa su duka a ƙara ɗaya.

Malamar Gona
Ranka ya daɗe Barista, akwai inda ake kayar da manoma. Da rani wasu da gangan suke jan ruwan, don babu wani. Kamfani zai ce ai da saninsu suka sha. A nuna cewa rafin nan shi ne mashayar lambun tun kafin a kafa masana'anta, dagaci da dattawa su shaida. Asara kuma kotu ba ta karɓar "na yi asara mai yawa". Kowane manomi da takardarsa: fangali nawa, latas ne ko alayyahu ko tumatir, kwando nawa yake samu a da, farashin kasuwa a makon, rasiɗin iri da taki da mai. A kira malamin gona ya gani tun ganye bai bushe ba. Gishirin da ake adana fata da shi ne ke fara ƙone bakin ganye ya bar fari-fari a kan kunya, ƙarfen kuma ya zauna a ƙasa shekara da shekaru.

Ma'aikacin Lafiya
Hajiya ta taɓo inda ke yi mini ciwo. Kada a tsaya kan kuɗi, a roƙi kotu ta ba da umarnin a gyara ƙasar. Ku tuna Zamfara a 2010: yara fiye da 400 gubar dalma ta kashe a Anka da Bukkuyum, daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba sa fara ba yaro maganin fitar da dalma sai an kankare ƙasar gidansu an zuba sabuwa, don in ya koma wasa a wurin zai sake sha. Ƙauyen Bagega sai 2013 aka share, yara suna jira. A can babu kamfanin da za a kama, ma'adinai kuma hurumin tarayya ne, jiha ba ta da ikon yi musu doka, sai aka daɗe ana jiran kuɗi. A Kano mai ɓarnar yana da adireshi da rajista. Rijiyar da aka samu ƙarfe a ciki a rufe ta nan take. Tafasa ruwan ba ya cire ƙarfe, ƙara masa kauri yake yi.

Barista
Haka ne, kuma tun ranar shigar da ƙara a nemi umarnin wucin gadi na tsayar da zubarwa. Sulhu alheri ne, amma kada kowa ya dangwala hannu a takardar da ta ce an biya shi duk abin da ya faru da wanda zai faru, sai lauya ya karanta, kuma a rubuta ranar da za a toshe bututun a ciki. In za a haɗa da hukumar gwamnati saboda ta yi sakaci, dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar, ga kuma sanarwar da ake aika wa hukuma a rubuce kafin ƙara. Baban Khalifa, waɗanda abin ya shafa bana su fara da robobi da takardar asara a makon nan, tun ruwan farko bai wanke kwatar ba.